Yadda ake gano tsohon zane a ƙarƙashin tsabar kuɗin Rasha ta dā

Akwai wani ɗan faifan jan ƙarfe mai nauyin giram 20 da rabi da aka buga a Mosko a shekarar 1727, aka rubuta masa kopek 5. A 1755 gwamnati ta tattara irinsa ta sake bugawa, ya koma kopek 1. Bayan shekara biyu aka sake dukansa ya zama kopek 2. A 1762 ya zama kopek 4, a 1763 ya dawo 2. In ya yi tsawon rai yana yawo a hannun mutane, a 1796 zai sake zama 4, a 1797 ya sake komawa 2. Duk wannan ba a narka shi ko sau ɗaya ba, sai dai a ɗora shi tsakanin hatimai biyu na ƙarfe a danne sabon zane a kan tsoho. Ba kowace tsaba ce ta bi waɗannan matakai duka ba, amma mai bugu uku ko huɗu ba baƙuwa ba ce a hannun masu tara tsofaffin kuɗi. Rashawa na kiran wannan aiki perecekan, mu kuma a nan za mu ce bugu kan bugu.

Sabon hatimi ba ya cika shafe tsohon zane ƙarƙaf. Yakan bar wutsiyar harafi, ko tauraro ɗaya, ko gefen ganga. Aikinka shi ne ka karanta wannan saura ba tare da ka yaudari kanka ba, domin ido in ya matsu da son ganin abu, sai ya gan shi ko babu.

Kayan aiki

Kana bukatar ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, wanda ke nuna ɗigon giram. Sai gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau 5 zuwa 10. Wanda ya fi haka yakan cika maka ido da ramuka har ka kasa ganin siffa. Sai tocila guda ɗaya, da abin awon faɗi ko da rula ce, da wayarka don hoto, da farar leda ko takarda mai shara-shara da alƙalami. Shimfiɗa tsumma mai laushi a kan tebur, ka riƙa kama tsabar ta gefe.

Abu ɗaya kada ka kuskura: wanki. Lemon tsami da toka da ake goge tasa da su za su cinye maka shedar da kake nema a cikin minti ɗaya. Sauran tsohon zane sau da yawa bai fi kaurin gashi ba, kuma duhun da shekaru suka shafa wa jan ƙarfen shi ke fito da shi. Tsabar da aka goge tana walƙiya ta yi asarar daraja, ta kuma yi asarar labarinta.

Fara da sikeli, ba da gilashi ba

Yawancin sababbin shiga gilashi suke fara ɗauka. Ni a ganina kuskure ne. Nauyi shi ke gaya maka dangin tsabar, dangin kuma shi ke iyakance abin da zai iya kasancewa a ƙasa.

Ga yadda lissafin yake. Rubul ɗaya kopek 100 ne, denga rabin kopek ce, polushka kuma rubu'insa. Gwamnatin Rasha takan yanke adadin kuɗin da za a fitar daga pud ɗaya na jan ƙarfe, pud kuwa kilo 16.38 ne. In baitulmali ya bushe, musamman lokacin yaƙi, sai a ce pud ya ba da rubul da yawa. In jabu ya cika gari ko an sauya shawara, sai a rage. Tsabar kopek 5 ta 1723 zuwa 1730 an buga ta ne a kan rubul 40 a pud, shi ya sa ta yi sauƙi har masu jabu suka samu abin yi, aka riƙa rage mata daraja daga 1744 har ta koma kopek 2 a 1746. A 1755 aka koma rubul 8 a pud, a 1757 rubul 16, a 1762 rubul 32, a 1763 aka dawo 16. Da yake daga 1757 kowane sauyi ninki ne ko rabi, tsohuwar tsaba takan dace daidai da wata sabuwa, ba sai an sha wahalar narkawa ba.

Daga nan ne dangogi suka fito. Mai giram 51 da ɗan kai, wadda faɗinta ya haura milimita 40, ko dai kopek 5 ce ko kopek 10. Mai giram 20 da rabi ita ce mai dogon tarihin da muka fara da shi. Mai giram 10 da kwata tana kai-kawo tsakanin kopek 1 da 2. Mai giram 8 da ɗan kai kuwa ta zamanin baya ce: denga ta Sarauniya Anna daga 1730, wadda aka buga da yawa a kan kopek na Sarki Pita na Ɗaya.

Sai dai kada ka riƙe waɗannan lambobi kamar karatun allo. Jan ƙarfe a jimla ake auna shi a gidan buga kuɗi, ba ɗaya-bayan-ɗaya ba, ga kuma cin hannu na shekaru fiye da ɗari biyu. Bambancin giram ɗaya ko biyu a mai giram 20 ba komai ba ne, a babbar ma yakan fi haka. Abin da zai sa ka ɗaga gira shi ne babban saɓani. Misali kopek 1 ta 1757 zuwa 1759 da ta kai wajen giram 14 maimakon 10: irin wannan a bincika ta da kyau, domin a waɗannan shekaru an buga wasu a kan tsabar ore ta ƙasar Suwidin, kuma a kansu akan ga sauran kibau biyu da suka gitta juna ko ƙananan kambi.

Faɗi da gefe

A wancan zamani ba a sa tsaba cikin zoben da zai riƙe ta lokacin bugu, don haka duk bugun da aka ƙara sai ƙarfen ya bazu. Tsabar da aka maimaita wa bugu takan fi 'yar uwarta faɗi, ta fi ta siranta, bakinta kuma yakan tsattsage ko ya karkace. Za ka ga sabon zanen ya zauna a tsakiya, an bar fili a kewaye inda hatimi bai kai ba. Wannan filin ka fara dubawa, don a nan ne tsohon zane ya tsira ba a taɓa shi ba.

Sannan juya ta ka dubi kaurinta. Hatimi fuska biyu kawai yake duka, gefe kuwa wata na'ura ce daban ke yi masa ado, ko raga, ko igiya, ko rubutu. In ba a sake bi ta kansa ba, tsohon adon yana nan. In an sake, za ka ga ado biyu sun hau juna. Wasu daga cikin kopek na 1755 zuwa 1757 suna da rubutu a gefe mai ambaton gidan da ya buga su, na Mosko ko na Yekaterinbag. Idan ka ga gefe yana ambaton gida ɗaya, fuska kuma tana ɗauke da alamar wani gidan, ka samu sheda mai ƙarfi tun kafin ka kunna tocila.

Haske

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa a yi asara. Kashe fitilar ɗaki. Haske daga sama ko daga wurare biyu yana kashe inuwa, inuwa kuwa ita ce ke nuna maka abin da ya ɗan taso. Kwantar da tocila kusan daidai da tebur, hasken ya share fuskar tsabar daga gefe, kamar yadda hasken hantsi ke fito da sawun kaza a kan rairayi. Bar tocilar a wuri ɗaya, ka riƙa juya tsabar kaɗan-kaɗan har ta zagayo. Layin da ya kwanta daidai da hasken ɓacewa yake yi, wanda ya gitta shi ne ke bayyana, saboda haka abin da ba ka gani ba yanzu zai iya fitowa in ka juya kwata.

Wurare uku ake nema. Na farko bakin da muka ambata. Na biyu saman wuraren da suka fi tasowa a sabon zane, kamar ƙirjin mikiya, ko gindin doki, ko kambi: a nan hatimi rami ne, bai danne ƙarfen sosai ba, sai tsohon harafi ya hau kan sabon zane ya zauna. Na uku fili, inda dannar ta fi ƙarfi. A fili tsohon zane yakan baje, abin da ke saura shi ne siririn layin kewayensa kawai, wani lokaci ma bambancin launi ne ba tudu ba.

Fara da ido tsirara, tsabar tana nesa da kai kamar kamu ɗaya, sannan ka ɗauki gilashi. Manyan siffofi, irin gicciye ko zoben ganye, daga nesa aka fi ganinsu. Ɗauki hoto a kowane juyi, ka mayar da shi baƙi da fari a waya. Sau da yawa abin da ya gagari ido a kan ƙarfe yakan fito ɓaro-ɓaro a hoto.

Ka san fuskokin da kake nema

Ba za ka gane saura ba sai ka san cikakke. Kafin ka zauna, nemi hotunan tsabobi masu kyau na kowane iri a dangin da sikeli ya nuna maka. Kundin Bitkin, wanda dillalai ke ambaton lambobinsa, da na Brekke a kan jan ƙarfe sun wadatar, haka hotunan gidajen gwanjo a intanet.

Kopek 5 ta 1723 zuwa 1730 ana yi mata laƙabi da mai gicciye, saboda a bayanta akwai ɗamara biyu da suka gitta juna, ɗaya da sunan kuɗin, ɗaya da shekara. A gabanta ƙaramar mikiya ce a cikin da'ira, ɗigo biyar sun kewaye ta. Miƙaƙƙun layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna ratsa tsabar su ne ke tona ta, domin babu wani zane da ya biyo baya a danginta da ke da irinsu.

Kopek ta 1755 zuwa 1757 ita ce mai gajimare: mikiya a cikin gajimare tana riƙe da allo mai lanƙwashe-lanƙwashe. Saurarta ƙudundune take, dunƙule-dunƙule a ƙasa da gashin fiffike a inda bai kamata a ga fiffike ba.

Tsabobin Sarauniya Elizabet na 1757 zuwa 1762 da na Sarauniya Katarina ta Biyu daga 1763 kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke: a gefe ɗaya mikiya mai kai biyu ga kopek 5, ko mahayin doki yana soke dodo da mashi ga ƙananan, a ɗaya gefen harufan sunan sarauniya a sarƙe, kambi a sama, zoben ganye a kewaye, shekara a rabe biyu hagu da dama. Wannan kamannin shi ke rikita mutane, za mu dawo kansa.

Na Pita na Uku, wanda bai fi wata shida a kan mulki ba a 1762, su ne mafi sauƙin ganewa. Shawarar ninka darajar ta wani babban jami'in gwamnati ce mai suna Shuvalov, kuma zanen ba ya ɗauke da sunan sarki ko kaɗan. A gaba akwai taurari gwargwadon darajar kuɗin, goma ga kopek 10, huɗu ga kopek 4. A baya akwai rubutu a jere layi-layi, ƙarƙashinsa tarin kayan yaƙi: ganguna, tutoci, igwa. Rashawa ma ganguna suke kiran waɗannan tsabobi. Tauraro ɗaya tak a bakin kopek 5 ta Katarina ya isa sheda.

Na 1796 kuma, waɗanda aka yi bisa shawarar Platon Zubov, na hannun daman Katarina, babban harafin E ne (farkon sunanta da Rashanci) da kambi, ɗigogi a kewaye maimakon taurari, a baya kuma daraja da shekara a fili ba ado.

Kafa turke, sannan ka juya

Da ka ga abu ɗaya da ka tabbata ba na sabon zane ba ne, tsaya a kansa. Juya tsabar har wannan abin ya miƙe yadda yake a hoton asali, ka manta da sabon zane gaba ɗaya, ko da ya koma kai ƙasa. Ma'aikatan gidan buga kuɗi ba su damu da daidaita tsohuwar fuska da sabuwa ba. Yadda tsaba ta faɗo haka ake dukanta, gaba a kan baya ko baya a kan gaba.

Yanzu sai gwaji. In abin da ka gani tauraron kopek 4 ne, to hoton asali zai gaya maka inda na biyu ya kamata ya kasance, da inda mashin mahayi zai bi. Je can ka duba. Sannan kifa tsabar: bayan taurari dole kayan yaƙi ne, ba zoben ganye ba. Ɗora ledarka a kan hoton asali da ka daidaita girmansa da tsabar, ka zana manyan layuka, ka ɗora a kan hoton taka. Ƙa'idata ita ce alama biyu masu zaman kansu, a wuraren da suka dace da juna. Alama ɗaya zato ce. Na taɓa kwana ina murna da wata ganga da na hango a kan kopek 2, da safe na ga ashe ramin tsatsa ne da inuwar tocila.

Inda bugu ya kai uku, bi su daga sama zuwa ƙasa. Cire duk abin da yake na zanen ƙarshe, ka ga me ya rage. Cikin abin da ya rage, ware wanda ya dace da turkenka na farko. In har akwai sauran da bai dace da ko ɗaya ba, kuma yana da nasa karkatar daban, to hawa na uku ne. Kopek 2 ta 1763 mai alamar MM ta Mosko ko СПМ ta San Pitasbag takan nuna taurarin 1762, a ƙarƙashinsu kuma ga zoben ganyen Elizabet a karkace. Wanda bai san tarihin ba sai ya ce bugu biyu ne na hatimi ɗaya, alhali sarauta uku ce a kan juna.

Abubuwan da ke kama da shi amma ba shi ba ne

Bugun da ya zame: tsaba ta motsa a ƙarƙashin hatimi aka sake dukanta. Zanen iri ɗaya ne sak, ya ɗan gusa kawai. In kana shakka tsakanin wannan da Katarina a kan Elizabet, dubi harufan suna da lambobin shekara, ka bar ganye, don ganyen kusan ɗaya ne.

Karon hatimai: hatiman biyu sun haɗu babu tsaba a tsakani, kowanne ya bar wa ɗan uwansa tabo. Abin da za ka gani zanen ɗaya fuskar ce ta wannan tsabar, a juye kamar a madubi. Harafin tsohon zane na gaskiya daidai yake karantuwa in ka miƙar da shi.

Gyaran shekara: an sake sassaƙa lamba a jikin hatimin kansa, 3 ta koma 4 misali. Lambar kaɗai abin ya shafa, sauran fuskar tsaf take, tsabar kuma ba ta bazu ba.

Sai jabu. Na zubi yakan zo da ƙananan ƙuraje da ramuka, komai nasa a dusashe, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Wanda ya fi haɗari shi ne a ɗauki tsohuwar kopek 5 ta gaske mai araha a buga mata sabon hatimin 1762 ko 1796 don ta yi tsada. A nan shekara ce makaminka: kopek 10 ta 1762 da ke zaune a kan harufan Katarina ƙarya ce tsagwaronta, tunda ba a fara buga waɗannan ba sai 1763. Akwai kuma abin da ake kira novodel, wato waɗanda gidan buga kuɗin gwamnati da kansa ya sake bugawa daga baya don masu tarawa. Sukan zo da tsabta fiye da kima, a kan faifai mai santsi.

Inda na ƙasa ya fi na sama ƙuruciya

Hankali zai ce abin da ke ƙasa dole ya girmi na sama, kuma haka ne, sai a wuri ɗaya. Katarina ta rasu a watan Nuwamba na 1796 ana tsakiyar ninka darajar kuɗi. Ɗanta Pavel na Ɗaya ya soke shirin, ya sa aka mayar da tsabobin darajarsu ta dā a 1797, aka kuma yi aikin da hatimai masu zanen mahaifiyarsa da shekarun baya. Shi ya sa ake samun kopek 5 da kopek 2 masu shekarar 1793 da alamar EM, wadda asalinta ta Yekaterinbag ce, amma a ƙarƙashi ga ɗigogi da babban E, wani lokaci har da 1796 ɗin kanta tana leƙowa. Wanda ya san liyari, azurfar Mariya Tareza da ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, ba zai yi mamaki ba: 1780 ce a jikinta ko yaushe aka buga ta. Wannan rukuni Rashawa na kiransa pavlovski perecekan, kuma kopek 5 ɗinsa ta fi ta 1793 ta asali daraja a wurin masu tarawa, don haka duk mai wannan shekara da ta zo hannunka da faɗin da ya wuce kima, ba ta lokaci.

Wannan kuma shi ke warware rikicin ɗigo a dangin giram 20. Ɗigo a ƙarƙashin tsabar 1758 ko 1764 na mai gicciye ne. Ɗigo a ƙarƙashin ta 1793 ka fara zargin na 1796, ka nemi lanƙwasar E da kambinsa don tabbatarwa.

Azurfa ba ta da wannan tsani na daraja, dalilin bugu kan bugu a kanta siyasa ne. Bayan Elizabet ta kawar da jaririn sarki Ivan a ƙarshen 1741, an tattara rubul masu hotonsa aka buga nata a kai, daga baya ma riƙe su ya zama laifi. A kan rubul ɗinta na farkon mulki, bi rubutun da ke kewaye da hoto harafi-harafi, ka nemi sauran ІОАННЪ, wato sunan Ivan da harufan Rasha, a tsakanin haruffanta. Haka aka yi wa wasu rubul na Pita na Uku a zamanin Katarina.

In ka gama, rubuta a jikin ambulan tsabar: nauyi, faɗi, irin gefe, zanen sama, sannan abin da ka gani a ƙasa da inda yake, ka kwatanta da fuskar agogo, misali tauraro a ƙarfe 2, bakin ganga a ƙarfe 7 na baya. Abin da ka gani da ido ka rubuta shi daban, abin da kake zato ka sa masa alamar tambaya. Bayan mako guda ka sake fito da ita, ka haska ta daga wani ɓangaren kafin ka karanta abin da ka rubuta.